Auren Hannun Hagu a Sabha

Sun rushe katangar kam, wato rukunin gidajen Turawan kamfani. Da idona na gani, ina cikin ƙaramar bas za ni unguwar Gurda gaisuwar mutuwa. Inda ƙofar ƙarfen take a da, yanzu shagunan masu faci ne da masu sayar da waya, yara sun saki kiɗa kamar za su fasa wa mutum kunne. Na ce wa direba ya dakata, ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ai ba nan ne wurin saukarki ba." Gaskiya ya faɗa. Amma tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki sai in fito tsakar gida, in na fito sai in koma, in ɗauki tsintsiya in share inda aka riga aka share. Jikokina suna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Wannan rashin zaman na san shi tun ina da sauran ƙuruciya, kuma a bayan waccan katangar na koye shi.

Lokacin da muka zo garin nan, shi kansa garin bai iya zama ba. Arzikin man fetur ya shigo ƙasar, kowa gini yake yi. Ka wuce fili yau, ka dawo bayan 'yan kwanaki ka tarar an tsayar da ginshiƙai. Da hantsi injin kwaɓa siminti yana ta gurnani, manyan motocin kamiyo suna zubar da rodi, ƙarfe na dukan ƙarfe, Misirawa na ihu da Larabcinsu mai sauri, mutanen Cadi na amsawa, namu na Nijar da na Kano suna ta zolayar juna a kan bene da kwanon kankare a ka. Yanzu in ka ji ƙara a Sabha sai ka tsaya ka saurara, janareta ne ko wani abu daban. A wancan zamanin ƙara alamar aiki ce. Samarin da suke zuwa daga gida yanzu wucewa kawai suke yi, hankalinsu yana bakin teku don su tsallaka ƙasar Turawa, ko ruwan garin ba sa tsayawa su saba da shi. Mu kuwa nan muka nufo, nan ne ƙarshen tafiyarmu.

Daga Damagaram muka taso, ni da Goggo, ƙanwar mahaifina. Mijina na fari ya rasu a shekarun da fari ya cinye dabbobi, ya bar ni ba ɗa ba jika. Yayana kuwa ya daɗe a nan yana aikin gini, shi ya aiko mu zo. Ya kafa mana rumfa da langa-langa a Gurda, muka shiga dafa wa leburori abinci. Ni ce mai tsinto guntayen katako da takardun buhun siminti in hura wuta, ni ce mai goge tukwane da rairayi har su yi ƙyalli. Goggo ce mai tuƙa tuwo, ba ta yarda kowa ya taɓa mata muciya. Kuka da daddawa daga gida ake kawo mana, in sun yanke sai mu koma makaroni da jar miya irin ta mutanen ƙasar. Goggo takan ce, "Mutanen nan sun baro matansu da iyayensu, abin da ya rage musu na gida shi ne abin da ke cikin kwanon nan. Kada ki kuskura ki zuba musu da fushi."

A wannan rumfar ya same mu. Wani Bature ne dogo, sai da ya sunkuya kafin ya shigo, rana ta gasa masa wuya ya yi jawur. Ya dubi Goggo ya ce da Hausa, "Mama, tuwo akwai? Makaroni ya kashe ni." Rumfar ta ɗauki dariya. Ashe ya yi shekaru yana haƙa rijiyoyi a ƙasar Adamawa, can ya tsinci Hausarsa mai karkacewa. Injiniya ne a wata sharika, wato kamfani, ta mutanen Danmak da ke shimfiɗa bututun ruwa zuwa gonakin da ake buɗewa a cikin rairayi. Sunansa ya gagari bakin kowa, sai aka bar shi a Dogo.

Ya riƙa zuwa. Wata rana ya zo da ƙanƙara a buhu, wata rana ya gyara mana famfo, wata rana ya zauna kawai yana kallona ina goge tukunya har in ji hannuna ya rikice. Bayan wani lokaci ya musulunta a hannun limamin ƙaramin masallacinmu. Mutane sun yi ta cewa don ni ya yi. Allah ya san zuciyarsa. Ni dai na ga ya yi azumi cikin zafin yankin nan na Fezzan har leɓensa ya tsage, bai kurɓi ruwa ba. Ranar da ya zo neman aurena ya ce wa Yaya, "Ina da mata a gida, can ƙasarmu." Yaya ya ce, "To sai me? Ai addini ya ba ka dama." Dogo ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, sai ya rufe. Muka ɗauka kunya ce.

Aka ɗaura aure a gaban jama'a, aka raba dabino, aka kai ni kam. Gidan katako ne mai tsabta, da firji, da na'urar sanyaya ɗaki da ke zuuu ba dare ba rana. Babu sautin turmi, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta ce a ba ta gishiri. Matan Turawa biyu ko uku da ke wurin sukan gyaɗa mini kai daga nesa, shi ke nan. In na gaji da shirun sai in yafa mayafi in tafi Gurda, amma can ma da na shiga sai a janyo mini kujera, matan da muka saba zama a tabarma ɗaya su riƙa gyara murya in za su yi mini magana. Sai in kasa daɗewa, in dawo. A kam ina kewar Gurda, a Gurda ina duban hanyar kam. Dogo bai taɓa ɗaga mini murya ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Yakan dawo daga daji da rairayi har cikin gashin gira, ya ci tuwona da hannu, ya ce in gyara masa Hausa. Duk shekara yakan tafi gida hutu, ya dawo da wani irin cuku mai wari da nake sa shi ya ci a waje. Da na haifi 'yarmu, shi da kansa ya yi mata huɗuba a kunne.

Wata rana da azahar, zafi ya hana kowa fita, ya ɗauko hotunan gidansu yana nuna mini. Gida ne ƙato na jan bulo, ruwa ya kewaye shi, bishiyoyi ko'ina. Ya ce su dangin sarauta ne, gidan ya fi kakan kakansa tsufa. A wani hoton na ga zanen wata mata a bango, fara sol, da wuya dogo da duwatsu masu walƙiya a ƙirji. Na ce, "Wannan fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Kaka ce ta can da can. Sarkin ƙasarmu na wancan zamani ya so ta. Amma yana da sarauniya, kuma a wurinmu mata ɗaya ce. Da farko ya ajiye ta haka nan. Daga baya ya sa wani malamin coci ya ɗaura musu aure a ɓoye, ya ba ta hannun hagu maimakon dama. Haka ake kira, auren hannun hagu."

Na ce, "Hannun da ake tsarki da shi?"

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce sarki ya ba ta gidaje da gonaki da bayi masu hidima, manyan fada suna rusuna mata. Na tambaye shi yadda ta ƙare. Sai dariyar ta ragu. Ya ce ranar da sarki ya mutu, ɗan sarauniya ya hau gado, ya aiko a fitar da ita daga fada. Aka karɓe zobban hannunta, aka kai ta wani gida a ƙauye aka ce kada ta fita sai da izini. A can ta tsufa, a can ta mutu, ba a binne ta kusa da shi ba. Na ce, "Allah sarki." Na tashi na duba yarinya. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka labarin mutanen da ne, irin wanda ake bayarwa don rana ta yi sanyi.

Yarinyar ta fara tafiya lokacin da mahaifin Dogo ya rasu. Ya je jana'iza ya dawo, amma wanda ya dawo ba shi ne ya tafi ba. Ya daina zama. Ya shiga ya fita, ya kunna mota ya kashe, ya ɗauki cokali ya ajiye. In na tambaya sai ya ce aiki ne. Ana nan sai yayarsa ta sauka a filin jirgi, mace mai tsayi kamarsa, gashinta ya fara furfura. Na yi kwalliya, na dafa kaza, na tsaya a bakin ƙofa. Ya faɗa mata wani abu da yarensu, ta dube ni ta yi murmushi, ta miƙo mini jakarta da hularta ta wuce. Da suka zauna cin abinci, kujera biyu kawai ya ja.

Na tsaya a kicin. Sai 'yar tawa ta kuɓuce, ta yi tatata ta je ta riƙe ƙafarsa ta ce, "Baba." Matar ta ajiye cokali. Ta daɗe tana duban yarinyar, goshinta, kunnuwanta, sannan ta dubi ƙanenta. Bai ɗago kai ba.

Washegari da ya fita aiki ta same ni ina shanya. Ina ƙarama na yi aikatau a gidan wata Baturiya matar likita a Damagaram, don haka ina jin Faransanci gwargwado, ita ma tana ji. Ta ce, "Ya ce mini ke mai dafa masa abinci ce."

Na ce, "Ni matarsa ce. A masallaci aka ɗaura, da shaidu."

Ta zauna a kan dakali, ta rufe ido. Ba ta yi mini tsawa ba, ba ta raina ni ba. Da ta yi hakan da ya fi mini sauƙi. A hankali ta warware mini. A ƙasarsu namijin da ya auri mace ta biyu alhali ta farko tana nan, laifi ya yi, har kurkuku ana kai mutum. Aurena babu shi a wurinsu. In maganar ta fito, sunan gidansu ya zube. Kuma yanzu gidan da gonakin sun faɗo a kansa, dole ya koma. Sai ta ce ta yi tunani a kaina. Akwai wani ƙaramin gida a gefen dajinsu, mai ɗumi, mai kyau. Zan iya zuwa a matsayin mai aiki. Yarinya za ta yi makaranta mai kyau, ba za ta rasa komai ba, shi kuma zai riƙa leƙo mu. Abu ɗaya ne kawai: ba za ta kira shi Baba a gaban mutane ba, kuma ba za ta ɗauki sunansa ba.

Na bar wankin a igiya, na goyi 'yata, na kama hanyar Gurda da ƙafa. Ban ma tuna da mota ba.

Yaya ya saurare ni yana goge siminti a hannunsa. Ya ce, "Ƙanwata, ki yi tunani. Me muke da shi a nan? Yau muna da aiki, gobe a ce baƙi su fita. Yarinyar nan za ta zama wani abu a can. Allah ya san aurenku, mene ne ruwanki da takardar Turawa?" Ba don mugunta ya faɗa ba, ya ga wahala ne har ta ishe shi. Liman kuwa ya ce aurena yana nan daram, babu hukumar duniya da za ta kwance shi. Na ce, "Malam, in na je can wa ya san haka?" Goggo ba ta sa baki ba sai da kowa ya gama. Tana tuƙa tuwo, ba ta ko juyo ba ta ce, "In kin mutu a can, wa zai yi miki wanka? Kuma in an tambayi yarinyar nan 'yar wace ce, me za ta ce?"

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Na haɗa kaya na kwance. Da safe in ce zan bi shi, ai ina son sa, ai sanyi ba ya kisa. Da la'asar in tuno matar nan ta bango da duwatsunta, zaune a gidan ƙauye tana jiran izinin fita. Ita ma ai an so ta. Dogo yana bin bayana ɗaki zuwa ɗaki yana cewa, "Ki yi haƙuri, na ji tsoro ne. Na so in faɗa tun farko, bakina ya ƙi." Ya ce in ba zan je ba, in zauna a nan da aurena, zai riƙa zuwa duk shekara. Na dube shi, na ga mutumin da ya yarda da abin da yake faɗa, na kuma san ba zai iya ba.

Sai na ce, "Abu ɗaya nake so. Ka sake ni."

Ya ja da baya kamar na watsa masa ruwan zafi. Ya ce, "A'a. Ban ƙi ki ba. Me ya sa?"

Na ce, "Mai dafa abinci sallamarta ake yi. Farka barinta ake yi a tafi. Mata ce kaɗai ake saki. Ka ɗauke ni a gaban mutane, a gabansu za ka ajiye ni. Kuma yayarka za ta zauna ta ji."

Ya yi kuka, ya ƙi, ya fita da mota ya yi ta yawo a gari. Amma ya dawo ya yarda.

A tsakar gidan Yaya aka taru bayan sallar la'asar. Liman ya zo, leburorin da suka halarci ɗaurin auren suka zo da ƙurar aiki a jikinsu, suka cika tabarmi har bakin zaure. Aka ba yayarsa kujera, ta lulluɓe kanta da ɗan gyale da Goggo ta ara mata. Wani saurayi ɗan Agadas da ya yi boko ya tsaya kusa da ita yana mayar mata da komai Faransanci. Liman ya nuna ni ya ce wa Dogo, "Wace ce wannan a wurinka?"

Ya ce, "Matata ce."

Liman ya ce, "Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Ya miƙe tsaye ya ce, "Matata ce. Wannan kuma 'yata ce, ta cikin aure." Sannan, ba wanda ya sa shi, ya juya ga yayarsa ya maimaita da yarensu. Bayan haka ya furta sakin, kalmar ta fito masa da ƙyar kamar ana zare ƙaya. Can daga nesa kana jin injin siminti na wani da bai tashi aiki ba. Da za su tafi yayarsa ta zo gabana, ta sumbaci goshin yarinyar, ta ce mini, "Na ji, Madam." Tun da ta zo ba ta taɓa kirana haka ba.

Suka tafi a makon. Mudir, wato shugaban sharika, wani Balarabe dattijo, ya ce matar da aka saka tana da haƙƙin zama a ɗakinta har ta gama idda, don haka babu wanda ya taɓa ni. Na gama, na ɗaure tukwanena, na koma rumfa, na ci gaba da goge su da rairayi.

Ba zan ce na ci riba ba. Ya yi ta aike na wasu shekaru, daga baya aiken ya yi nisa da juna, daga baya ya yanke. Ban san ko mutuwa ce ko rayuwa ba. Aikin gini ya ja baya, muka sha wuya. Yara sun tsokani 'yata saboda fatarta da gashinta, karatunta bai yi nisa ba. Akwai ranar da ta dawo daga ɗiban ruwa, ta dire jarka ta ce, "Inna, me ya sa ba ki kai ni can ba?" Na ɗauki jarkar na juye ruwan a randa. Har yau wani lokaci nakan ga ta a raina cikin farar rigar likita, tana magana da yaren da ba na ji, sai in rasa ko daidai na yi. Matan yanzu suna da waya a hannu, kafin a kawo musu goro sun binciko mutum har kakansa. Mu abin da mutum ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a shi ne kawai abin riƙonmu.

Ranar ɗaurin auren 'yata muna cikin gida da mata muna ta fama da tukwane, maza suna ƙofar gida, katanga ce kawai tsakaninmu. Ana shirin farawa sai na ji wani kawun ango ya yi gyaran murya. Ya ce a gafarce shi, ba don tozarci ba, amma sun ji uban yarinya Bature ne da ya tafi, kuma kowa ya san yadda Turawan kamfani suke ajiye mata. Yana so ya san matsayinta. Ludayin ya tsaya a hannuna. 'Yata tana ɗaki da lalle a ƙafa, na san ita ma ta ji.

Yaya, wanda a lokacin ya tsufa har bayansa ya lanƙwashe, bai yi fushi ba. Ya ce, "Tambayarka daidai ce. Duk wanda ya halarci auren uwarta, ya kuma halarci sakinta, ya tashi tsaye."

Na leƙa ta hudar ƙyaure. Suna ta tashi ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin leburori, wani da sanda, wani sai da aka kama masa hannu, wani ya makance amma ya miƙe yana cewa, "Ina wurin, da kunnena na ji ya ce matata ce."

Kawun ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi. A ɗaura." Liman ya kira sunanta, ya kira sunan ubanta da babbar murya har ƙarshen layi, aka shafa fatiha. Wata ta rangaɗa guɗa a kunnena. Na juya na ce wa mata su yi maza su sauke shinkafa kada ta kama.